Gurbin Randar Sendi

"Wa ya wanke su?"

Insifekta Rozlan ne ya yi tambayar, yana durƙushe gaban randa ta uku. Ya shafa yatsa a wuyanta, ya ɗaga ya duba, ko ɗigon ƙura babu. Randuna bakwai ne jere a jikin bangon ɗakin Aki Mujah, wato Kaka Mujah, sai ƙyalli suke kamar jiya aka fito da su daga wuta.

Empiang na tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta har yanzu jajur saboda aikin jiya. Ta gyara ɗaurin zane ta matso, ita a dole yabo take jira.

"Ni ce, Tuan, ranka ya daɗe. Da yashi da toka da lemun tsami. Wuni guda na yi a kansu. Ai ba ma bar manyan baƙi su zo su tarar da ƙazanta ba."

Matar da ta zo tare da 'yan sandan, Madam Liew, ma'aikaciyar gidan ajiye kayan tarihi, ta cire tabarau ta dafe goshi. Nan take jikin Empiang ya ba ta cewa ta yi ɓarna, ko da yake ba ta san ta ina ba.

Abin da ya kawo su kuwa ba ƙarami ba ne. Mako biyu da suka wuce aka kama wani ɗan kasuwa a kan iyaka da randunan da aka tono daga maƙabartar mutanen saman kogi. Da aka duba wayarsa sai ga hotunan randunan Aki Mujah. Kowa a dogon gidan katakon nan mai ƙofa ashirin da biyu, kowace ƙofa da iyalinta, ya tuna mutumin. Bara ya zo, ya sha giyar shinkafa, ya ɗauki hoto, ya taya, tsohon ya kore shi da sanda. Amma hoto ba ya nuna sanda. Saƙo ya zo cewa hukuma za ta zo ranar Alhamis ta ga randunan, ita kuwa Empiang, wadda ɗakinta ke manne da na tsohon, kuma ita ke dafa masa abinci tun rasuwar matarsa, ta yi abin da ta fi iyawa a duniya. Mace ce da ko kare ya daɗe kwance a ƙofarta sai ta ɗebo ruwa.

"Indai," in ji Madam Liew a hankali, da sunan girmamawar da ake kiran uwa a nan, "randar da ta shekara sittin a ɗaki, hayaƙin murhu ne ke lulluɓe ta. Wadda aka tono daga kabari kuwa, jar ƙasa da gansakuka. Abu na farko da ɓarayi ke yi shi ne su kankare ta fes, kamar yadda waɗannan suke. Baƙin nan da kika cire, shi ne takardar shaidar tsohon nan."

Empiang ta dubi jajayen hannuwanta.

"Ga wannan kuma," in ji Insifekta, ya nuna ta ƙarshe, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da zanen maciji mai ƙafafu a jikinta irin na sauran. "Kunnenta ɗaya a karye. Ba haka kuke yi wa kayan da kuka kai wa mamaci ba? Ku fasa wani wuri a jikinsu?"

Aki Mujah na zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, zanen jarfa na wuyansa ya yamutse da tsufa. Sai a lokacin ya tanka.

"Huda gindi ake yi, yaro, ba karya kunne ba. Wannan kunnen, matata Sendi ce ta karya shi. Dutsen wasa wuƙa ta jefo. Ni aka nufa, randa ta ɗauki laifina."

Wani a baranda ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"Akwai takarda?" in ji Insifekta.

"Kakana ya ba da shinkafar shekara uku ya karɓi manyan biyun nan. Ba a rubuta ba, don shi da mai sayarwar duk ba su iya ba."

"Shaidu fa?"

"Suna nan da yawa." Tsohon ya nuna ƙetaren kogi da leɓe, inda maƙabarta take. "Ka je ka tambaye su."

Insifekta bai yi dariya ba. Mutum ne da ba shi da mugunta, amma yana da takarda a hannu, kuma mai takarda a hannu ba ya son komawa da ita babu komai. Ya ba da umarni a kwashe su duka, sai kotu ta yi magana. Aka naɗe su da buhuna ana sauka da su ta tsanin gungume ɗaya bayan ɗaya. Shida suka fita, tsohon bai ko ɗaga kai ba. Da aka zo kan ta bakwai sai ga shi ya rarrafo ya rungume wuyanta.

"Ban da wannan. Ku ɗauki sauran ku riƙe har abada. Wannan ba tawa ba ce, saƙo ce."

Duk gidan an san zancen. Sendi ce ta zo da randar daga ɗakin ubanta ranar aurensu. Da ta rasu, shekara tara ke nan, ya kamata a huda ta a ajiye mata a kabari, don abin da aka fasa a nan shi ke isa can lafiyayye. Mujah ya hana. Ya sunkuya a kunnen gawar, kowa na ji, ya ce ta yi haƙuri ta bar masa ya riƙa kallo, da kansa zai kawo mata.

Wani ɗan sanda ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana ba shi haƙuri. Kafin su tafi Insifekta ya juyo ya dubi Empiang.

"Ke kuma, Indai, ki gode ban rubuta ki ba. Ɓata shaida laifi ne mai zaman kansa."

Ƙarar injin jirginsu ba ta gama ɓacewa ba tsohon ya sa aka jawo masa tabarmarsa zuwa jikin bangon, daidai inda randunan suke tsayawa. Ya kwanta, ya juya wa ƙofa baya.

Washegari Empiang ta kawo masa kunun shinkafa, ta dawo ta tarar ƙuda sun sha rabonsu. Ta dafa kifi a cikin gora da ganyen rogo, abin da ko zazzaɓi yake yi ba ya ƙi, ya ce ta kai wa jikokinta. Rana ta biyu saƙo ya iso daga saman kogi. Mutanen can sun ce ba su zargi kowa ba, amma in wani abu ya faru a ɗaki na goma sha ɗaya, ɗakin tsohon, kada a buga musu gangar tagulla, ba za su zo ba. Wannan saƙo ya fi zagi zafi. A kogin nan za a iya yafe wa mutum satar alade, har da ta mata, amma wanda aka ce ya taɓa kayan matattu, sunansa ya lalace har jikoki.

Empiang ta daina barcin kirki, ta daina shara, abin da ba a taɓa gani ba. Rana ta uku ta zauna a bayansa ta fashe da kuka.

"Aki, ni na kashe ka. Da na bar hannuna waje ɗaya, da yanzu suna nan."

"Ke dai ko garin matattu aka kai ki, tsintsiya za ki fara tambaya," in ji shi, bai juyo ba. Muryarsa ta zama siririya. "Bar kukan, kina jiƙa mini tabarma."

"Ka ci ko loma biyu ce. Za su dawo da su. Tuai, shugaban gidanmu, ya ce zai je gari ranar Talata."

"Talata ta yi nisa." Ya ƙara matsawa jikin bango. "Ba mutuwar nake tsoro ba, Empiang. Kin san bakin Sendi. Zan iso hannu rabbana, shekara tara tana jira. Ta ce ina randata? In ce hukuma ta karɓe. Ta ce saboda me? To, me zan ce mata?"

Empiang ta share hawaye. Ta gyara masa mayafi ta fita.

Rana ta huɗu da hantsi, mata na shanya masoro a dandamalin waje, ta shiga da ruwan ɗumi ta tarar ya tafi. Hannunsa ɗaya na dafe da bango.

Aka buga gangar tagulla. Maza suka ɗauke shi zuwa babbar baranda, aka yi masa wanka, aka kewaye shi da saƙaƙƙun zannuwa. Ɗansa guda ɗaya yana aiki a jirgin mai a tsakiyar teku, an aika masa, amma ba zai iso ba. Tuai Nyanggau, shugaban gidan, ya ce gobe da asuba za a haye da shi maƙabarta. Daga saman kogi ko kwale-kwale ɗaya bai sauko ba.

Sauran aikin na mata ne. Ɗakin da aka mutu sai an wanke shi tun daga bango har ƙofa. Lemok, ƙanwar mijin Empiang, ta shigo da bokiti biyu, wasu mata uku na biye da ita da soso da toka.

"Yau ga ranarki, sarauniyar wanki," in ji Lemok. "Naɗe tabarmar nan mu fara."

Empiang ba ta kula ta ba. Ta durƙusa ta kama bakin tabarmar ta fara naɗewa, sai hannunta ya tsaya.

A kan baƙin katakon daɓen akwai zobba bakwai a jere. Ko'ina hayaƙi da tafin ƙafa na shekara da shekaru sun mai da katakon baƙi wuluk, amma cikin kowane zobe fari ne sol, launin itacen ranar da aka sare shi. Nauyin randunan ya lotsa katakon, ƙura da maiƙo sun daskare sun yi wa kowane gurbi ɗan baki kewaye. Ranar Laraba waje ta fitar da randunan ta wanke, daɓen kuwa tsohon ya hana ta taɓawa, wai danshi na tayar masa da ciwon gwiwa. Ta tuna har tsaki ta yi masa a ranar.

Lemok ta riga ta ɗaga bokiti.

"Kada ki zuba!"

Ihun ya sa har maza suka leƙo. Empiang ta yi tsalle ta riƙe bokitin, rabin ruwan ya kife a jikinta.

"Ke, kin haukace ne?"

"Wanda ya ɗiga ruwa a daɓen nan, ni da shi ne har kabari. Lemok, zauna a bakin ƙofar nan. Ko kyanwa kada ta shiga."

"Yau na ga abin mamaki. Empiang ce ke hana wanki?"

Tuai Nyanggau ya zo ya duba, ya shafa haɓa, ya ce abin dubawa ne kam, amma gawa ba ta jiran hukuma. Empiang ta ce ya ba ta zuwa fitowar rana kawai. Ba ta jira amsarsa ba, ta sauka bakin ruwa da jiƙaƙƙen zanenta, ta ja igiyar injin kwale-kwalen mijinta.

Tafiyar awa biyu ce zuwa gari. Ta tarar da Insifekta Rozlan yana cin taliya a tebur, randunan na jere a bayansa cikin buhuna, kowace da lamba a wuya.

"Ya mutu, Tuan."

Ya ajiye cokali. "Allah ya ba ku haƙuri. Amma kayan shaida ba sa fita sai kotu ta ce."

"Ka ce a kawo takarda. Na samo, sai dai ba ta ɗaukuwa, a manne take da gida."

Ta yi masa bayani, yana girgiza kai tun ba ta gama ba. Ya ce kowa na iya zana zobe a katako. Madam Liew, da ke gefe tana rubutu, ta ɗago.

"Yaushe aka shimfiɗa daɓen?"

"Shekarar babbar ambaliya. Ina goye a bayan uwata."

"An taɓa canza katakon?"

"Wa zai canza? Ko ƙusa ba ta shigarsa sai an yi mata rami."

Matar ta dubi Insifekta. "Randunan nan da hannu aka gina su, babu biyu da gindinsu ya zo ɗaya. In sun zauna a gurbin nan, ba jiya suka zo ba. Ba wanda zai iya lotsa irin wannan itacen cikin wata ɗaya."

Insifekta ya ture taliyarsa da ta huce.

"Gobe da safe. Amma ki ji da kyau, Indai. In na ɗebo kayan kotu na hau kogi, suka ƙi zama, ke za ki biyo ni a jirgin. Wankin nan naki ban manta da shi ba."

"Na yarda."

Gari ya waye an riga an sauko da akwatin gawar bakin ruwa. Asuba ta wuce, rana ta fito, ta fara zafi. Tuai sai kai da kawowa yake yana cewa ba a taɓa yin haka ba. Wasu mutum biyu daga saman kogi sun zo, amma sun ƙi fitowa daga kwale-kwalensu, kallo suka zo yi. Empiang na tsaye a kan gungume, idonta a kan kwanar kogi, ba ta ko ƙiftawa. Sai can aka ji ƙarar inji.

Ɗakin Aki Mujah ya cika har ba wurin tsayawa. Madam Liew ta durƙusa da fitila ta duba zobban, ta kankari bakin ɗaya da farce, ta ɗauki hotuna. 'Yan sanda biyu suka ɗago babbar randa suka ɗora a gurbi na farko.

Ta ƙi zama. Gefe ɗaya ya hau kan daskararriyar ƙurar, randar tana rawa.

Wata mata ta ce, "Wayyo." Insifekta ya juyo ya dubi Empiang. Ta ƙura wa randar ido, sai ta ga abin da ke ba daidai ba.

"Kun sa macijin yana kallon bango. Aki ba ya yarda. Kullum ƙofa suke kallo, su ga mai shigowa."

Ta kama kunnuwan randar ta fara juyawa a hankali. Da kan macijin ya zo saitin ƙofa, sai aka ji ɗan ƙaramin sauti, ƙwas, randar ta nutsa. Madam Liew ta gwada cusa takarda a ƙarƙashi, ta ƙi shiga.

Ta biyu ta zauna. Ta uku ma. Da aka zo kan ta Sendi, gindinta na da ɗan ƙusumbi a gefe ɗaya, gurbin ma yana da ramin da ya karɓe shi.

"Nasa ne," in ji Madam Liew. "Duk bakwai ɗin. Sun fi shekara hamsin a nan."

"Ki faɗa da ƙarfi," in ji Empiang. "Akwai masu kunne a bakin ruwa."

Insifekta ne ya fita dandamali da kansa ya faɗa, da muryar da ta isa har ƙetare. Mutanen saman kogi suka dubi juna, suka ɗaure kwale-kwale suka hau tudu.

Empiang ta sunkuya ta rungumi ƙaramar randar ta nufi tsani.

"Ina za ki da ita?" in ji Madam Liew, ta biyo ta da sauri.

"Wurin mai ita."

"Tsaya, Indai. Na san abin da za ku yi. Randar nan ta haura shekara ɗari uku. Mallakarsa ce, ba wanda ya musa, amma yanzu ta shiga rajista, kuma doka ta hana a lalata irinta ko da a hannun mai ita. Ki bari mu ajiye ta cikin gilashi, mu rubuta sunansa da na matarsa, duniya ta gani."

"Matarsa ba ta iya zuwa birni, Madam."

"Duk wanda ya huda ta zai amsa tambaya a kotu. Ba barazana nake ba, gaskiya nake gaya miki."

Sun iso bakin ruwa. Huda kayan mamaci aikin Tuai ne, a bakin kabari ake yi, inda mata ba sa zuwa. Empiang ta ajiye randar kusa da akwatin ta dubi Tuai Nyanggau. Ya dubi Insifekta, ya dubi ƙasa, ya mai da hannuwansa baya. Ba ta ga laifinsa ba, mutum ne mai ƙofa ashirin da biyu a wuyansa. Amma ta san in randar ta haye lafiyayya, haka za ta dawo.

Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta taɓa shiga kotu ba, ko ƙofarta ba ta sani ba. Ta miƙa hannu ta zare addar da ke ƙugun Tuai, ta kwantar da randar a kan yashi, ta juya addar ta baya.

"Aki, ga saƙonka. Ka ce mata ni na wanke ta, kada ta ga haske ta ce ba tata ba ce."

Bugu ɗaya ta yi. Gindin ya ɓurma, ɗan guntu ya faɗa ciki.

Madam Liew ta kau da kai. Insifekta ya ciro littafinsa daga aljihu, a hankali, kamar mai ɗaga kaya.

"Sunanki cikakke."

"Empiang anak Saging. Ɗaki na goma sha biyu. Ka rubuta da kyau, kada a je a kama Lemok."

Ya rubuta, ya ce za a aiko mata da sammaci. Daga nan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Mutanen saman kogi biyun suka kama gaban akwatin, aka sa shi a jirgi, aka ɗora randar a wajen ƙafafu. Mata suka tsaya a gaɓa har jirgin ya shige ƙarƙashin itatuwan ƙetare.

Da rana ta yi tsaka Empiang ta koma ɗaki na goma sha ɗaya da bokitinta. Randuna shida na tsaye, macizansu na kallon ƙofa. Ta fara daga bakin murhu tana gogawa, tana ja da baya a kan gwiwoyinta, har ta iso ƙarshen layin. Nan ta matse tsumman sosai, ta bi gefen farin zoben randar Sendi a hankali ta kewaye shi, ta bar cikinsa a bushe.